Sista Ta Yi Jinyar Kifi

Shekara talatin da biyu ta yi tana aikin jinya a sashen maza na asibiti, kuma har ta ajiye aiki ba wanda ke kiran ta da suna. Sista kawai, har mijinta a gida. 'Yan dubiya kuwa sun ƙara mata da Sista Lokaci-Ya-Yi, don da ƙarfe shida ta buga za ta tsaya bakin ƙofa ta faɗi kalmar sau ɗaya, sai ka ga manyan mutane suna tattara kwanuka suna laluben takalma. Ba abin da ta tsana irin ɗan'uwan majinyaci mai ƙarambani, wanda zai ɓoyo magani a aljihu ya ɗura wa mara lafiya in ta juya baya, a tambaye shi ya rantse bai ba shi komai ba.

Da ta zauna a gida sai ta rasa wanda za ta yi wa faɗa. Ta koma kan mijinta, tsohon tela da ya bar wa ƙaninsa shago, tana auna masa jini safe da yamma, har bawan Allah ya fara ƙirƙiro unguwa. Abin haushi, nasa jinin lafiya lau, nata ne ya hau. Autarsu da ta zo ganin gida ta ce ta ji kallon kifi yana kwantar da hankali. Ba ta nemi shawarar kowa ba ta sa aka kawo akwatin gilashi mai tsawon hannu biyu aka girke a falo, da duwatsu da fitila da ɗan inji mai hura iska. Na ruwan gishiri ne, irin na teku, da 'yan kifaye biyu ruwan lemo masu ratsin fari.

Sista ta ce shirme ne. Kafin sati ya zagayo ta buɗe musu takarda, tana rubuta zafin ruwa da yawan gishiri kowace safiya da wannan rubutun nata da likitoci ke shakka. Wata uku ba wanda ya ko yi atishawa a cikinsu, sai ta soma ganin aikin nan ai bai kai ya kawo ba.

Ranar da ta je shagon masu sayar da kifin ado sayen gishiri ta gan shi. Kifi ne ruwan ɗorawa shar, mai faɗi kamar ganye, da ɗan tsinin baki kamar zai yi gulma. Ta ce a ɗaure mata shi.

Mai shagon mutum ne mai furfura a gemu, kullum hannun rigarsa a jiƙe. Yana ɗaure ledar ya ce, "Mama, shekaranjiya ya iso. Kada ki haɗa shi da na gida yanzu. Ki sa shi a wani ɗan akwati shi kaɗai wata guda, ki ga lafiyarsa tukuna."

"Malam mai kifi," in ji ta, "ni za ka koya wa keɓe majinyaci?"

Ya ce Allah ya ba ta haƙuri.

A gida ta ɗaga ledar ta duba. Ido garau, jiki sumul, numfashi daidai. Ta sallame shi nan take, ta juye shi cikin 'yan'uwa. Mijinta ya leƙa ya raɗa masa suna Gado Na Ɗaya, kamar majinyacin asibiti.

Kwana biyar sai ga wasu fararen ɗigo-ɗigo a jikinsa, ƙanana kamar an barbaɗa.

"Gishiri ne ya manne masa," ta ce.

Mijin ya gyara tabarau. "Sista, ni dai ban yi karatun asibiti ba. Amma gishirin da ke cikin ruwa ba narkewa yake ba?"

"Malam, ka sha shayinka."

Washegari ɗigon ya ninka. Kifin yana goga jiki a dutse, kumatunsa na buɗewa suna rufewa da sauri, abinci ko kallo. Ta ɗauki waya za ta kira mai shagon, ta tuna abin da ta gaya masa, ta ajiye. Maimakon haka ta shiga ɗaki ta jawo durowar gado, inda ragowar wasu kafso suke tun ciwon haƙorin bara. Ita da ta sha cewa duk mai ajiye ragowar magani ya cancanci a ɗaure shi. Ta waiga ta tabbata mijin yana tsakar gida, ta ɓare guda biyu ta zazzage a ruwan, ta tura ɓawon can ƙasan kwandon shara.

Kwana biyu ruwan ya yi dishi-dishi yana wani ƙarni. Da safe ta tarar da ɗaya daga cikin masu ratsin fari kwance a kan yashi, ɗan'uwansa na zagaya shi. Ta sa 'yar raga ta ɗauko shi ta ɗora a tafin hannu. Bai kai tsawon yatsarta ba. Ta rufe idon mutane da yawa a rayuwarta, amma a cikinsu babu wanda ita ta yi ajalinsa. Ta naɗe shi a auduga. Mijin ya tona rami gindin bishiyar tsakar gida ya binne shi, ita kuwa da ma faɗa ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ta yafa mayafi ta tafi shagon da hoton Gado Na Ɗaya a waya. Mai shagon ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe ya fara?"

"Jiya," in ji ta.

Ya ɗago ya dube ta.

"To, kwana huɗu."

"Kin ba shi wani abu?"

"A'a." Ta ji muryarta ta fito sak irin ta mutanen da ta sha kora daga bakin gado. Ta sunkuyar da kai. "Ɗan kafso. Guda biyu kacal."

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce ɗigon nan wani ƙwaro ne mai shiga fatar kifi, kafso ba ya taɓa shi. Abin da kafson ya kashe shi ne ƙwayoyin da ke zaune cikin duwatsu suna tsabtace ruwan, shi ya sa ruwan ya zama guba. Ya ce ta kwashe kifayen biyu ta sa a wani akwati da babu dutse babu yashi, sai guntayen bututun roba da za su ɓuya a ciki. Ya ba ta wani shuɗin magani mai sinadarin jan ƙarfe, da 'yar kwalbar gwaji da kati mai launuka.

"In ya yi kaɗan ba ya kashe ƙwaron, in ya yi yawa ya kashe kifin. Kullum ki gwada. Wata guda cur, ko kin ga ya warke. Babban akwatin kuma a bar shi ba kifi sati goma, ƙwaron ya mutu da yunwa."

"To, Malam," ta ce a ladabce. Rabon da ta ce wa wani "to" haka tun tana ɗaliba.

Aka mai da ɗakin ajiya asibiti. An ture tsohon keken ɗinki gefe, an ɗora ƙaramin akwatin a kan tebur kusa da bokitai biyu na haɗa ruwa. Auna magani da sirinji bai ba ta wahala ba, ko ido rufe za ta yi. Gwajin ne ya tona mata asiri. Za ta ɗebi ruwa a kwalba ta ɗiga sinadari, ruwan ya canja launi, ta kara shi da katin. Launi shida ne a jere, ita kuwa duk ɗaya take ganin su. Ta kai taga, ta kai ƙarƙashin fitila, ta cire tabarau ta mayar.

Mijin da ke tsaye bakin ƙofa ya miƙo hannu. Kallo ɗaya ya yi. "Tsakanin na uku da na huɗu ne, amma ya fi karkata ga na uku."

"Ya aka yi ka sani?"

"Shekara arba'in ina haɗa zare da yadi, mata suna tsaye a kaina."

Daga ranar mijin ya zama ɗakin gwajinta, ita kuma mai kai masa kwalba tana jiran sakamako. Har wani jan rai yake yi kafin ya faɗa.

Mai ratsin farin da ya rage ya murmure da wuri. Gado Na Ɗaya kuwa ya shige bututu ya ƙi fitowa, kwana takwas bai sa komai a baki ba, launinsa ya koɗe, cikinsa ya lotsa. Sista ta jawo kujera ta dasa a gaban gilashin. Ta ƙwanƙwasa da farce, ta haska da fitilar waya, ta canja abinci kala uku a wuni ɗaya, har lallashi ta yi. "Haba ɗan nan, ko loma ɗaya." Ta kira mai shagon sau huɗu a rana guda.

A na huɗun ya ce, "Mama, awa nawa kike yi a gabansa?"

"Ba na tashi."

"To ke ce ciwon nasa yanzu. Babbar fuska yake gani ta tokare masa ƙofa, ya za a yi ya fito? Ki rufe gefen akwatin da kwali, ki maƙala masa busasshen ganyen teku, ki fita. Minti biyar safe, minti biyar yamma."

Mijin yana jin komai, don ta sa wayar a amsa-kuwwa. Da yamma ta shiga ta zauna. Bai jima ba ya bayyana bakin ƙofa, ya ɗaga hannu ya duba agogo, ya gyara murya.

"Lokaci ya yi."

Ta harare shi harara mai kyau, amma ta tashi. Ashe haka kalmar take da ɗaci.

Kwana biyu bayan nan ta shiga da safe ta tarar an yagi gefen ganyen. Ta zargi mai ratsin fari, sai da ta laɓe bayan ƙofa tana leƙe ta kafar makulli, tsohuwa da jikoki bakwai, ta ga tsinin bakin nan ya fito daga bututu yana tsattsaga. Ta yi ta maza ba ta yi guɗa ba, don kada ya koma.

A kwana na goma sha biyu ɗigon ya ɓace tas. Nan da nan zuciyarta ta soma raya mata cewa maganin nan yana da ƙarfi, tunda ya warke a bari haka. Har ta faɗa a fili. Mijin ya ce, "Wa na sha ji yana cewa a shanye magani ko an ji sauƙi?" Ta ce ai shi ma ba tambayarsa ta yi ba, ta ɗauko sirinji.

Duk tsawon lokacin babban akwatin na falo yana nan da fitila a kunne, inji na hura iska, ba kifi ko ɗaya. Baƙi su zo su tsaya su yi ta kallo. Wata maƙwabciya ta ce kai, masha Allah, ga wani can ya gilma bayan dutse. Sista ta ce eh, akwai shi da kunya.

Ranar da sati goma suka cika aka shirya mai da su. Mai ratsin farin bai ba da wahala ba. Gado Na Ɗaya ya yi ƙiba, launinsa ya dawo har yana ɗaukar ido, ya ƙi shiga raga. Sista ta gaji ta sa hannu ta tallafo shi a hankali, kamar yadda take juya mara lafiya a gado. Ba ta san irinsa suna da wata ƙaya mai kaifi a gindin jela ba. Ya kaɗa sau ɗaya ya tsaga mata babban yatsa, ya faɗa cikin babban akwatin ya wuce abinsa, ko waiwaye.

Jini ya zuba a tayil. Mijin ya ruɗe, ya zaunar da ita, ya kwaso akwatin magani. Ya wanke ciwon ya shiga naɗa bandeji, yana naɗawa yana sannu, har yatsan ya koma kamar ƙwallon yara, sannan ya ƙulle da wani ɗauri irin na bakin buhu. Kuskure biyar ta ƙirga, ta haɗiye su duka, ta ce ta gode.

Da ya fita sayo burodi ta warware ta sake naɗawa yadda ya kamata, siriri tsaf. Ta zauna tana kallon aikinta. Sai ta ji motsin ƙofar gida, ta tuna fuskarsa lokacin da yake ƙulla ɗaurin nan yana cije leɓe. Da sauri ta jawo ragowar bandejin ta dunƙula a kai, ta kama bakin da haƙori ta ƙulle.