Dodon Ticha Bulus Bai Yi Magana Ba, Ni Ne Na Yi

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da muka sa Ticha Bulus a ƙasa, a bayan majami'armu ta Kafanchan. Sau biyu na ƙirga da yatsu, domin karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma marigayin ya sha faɗa cewa ko aji huɗun ma rakiya na yi wa wasu. Duk shekara in lokacin ya zagayo, sai wani mai kwat ya tashi a taron tunawa ya ce Ticha jarumi ne, shi ne ya tona asirin dodo a gaban jama'a. Ni kuma ina layin gaba da sandata, ina ta gyaɗa kai. Bana dai wuyana ya gaji.

Tare muka tashi da shi a wani ƙauye kusa da Fadan Kaje. Rana ɗaya aka kai mu gidan dodo muna yara, aka nuna mana abin da ake nuna wa maza, aka rantsar da mu cewa mace ba za ta ji daga bakinmu ba. Mahaifinsa ne yake ajiye kayan wurin. Daga baya makarantar mishan ta kwashe mu duka biyu. Shi ya wuce kwalejin malamai, ni na wuce tashar jirgin ƙasa ina sauya wa jirage layi, shi ya sa har ya mutu Injiniya yake kirana. Ban taɓa gyara masa ba.

Mutum ne mai tsoron kyankyaso, amma ba abin da yake so a duniya irin littattafan ban tsoro. Wani ma'aikacin jirgin Fatakwal ne yake kawo masa su, tsofaffi, wasu ba farko, wasu ba ƙarshe. Sai ya yi musu bango da takardar siminti don fasto ya ɗauka shirin darasi ne. In na tashi aiki mukan zauna ƙarƙashin mangwaron tasha, yana karantawa da Turanci yana juya mini. Kusan duka labarin tsohon gida ne mai ɗakuna da yawa, da wata ƙofa da aka ce kada a buɗe. Ni kullum tambayata ɗaya ce.

"Ticha, yaushe abin zai fito ne?"

"Injiniya, in ya fito ai ya zama nama. Ka bar shi a bayan ƙofa."

Wanda ya fi so duka, shafukan ƙarshensa ɓera ya cinye. Ya ce ɓeran nan ya fi marubucin sanin aiki.

Daga nan ya fara rubuta nasa da Hausa, a littafin rubutu na 'yan makaranta. Ɗaya kaɗai aka buga masa a Jos, ɗan siriri kamar littafin waƙoƙi. Labarin zamanin kakanni ne, kafin layin dogo ya zo. Wata shekara dodo ya ƙi magana. Mata suka dafa wake, suka kai giya bakin kurmi kamar yadda aka saba, abinci ya dawo ba a taɓa ba. Wata ɗaya, wata biyu. Gari ya fara kallon juna, kowa yana tuna laifin da ya ɓoye. Haka labarin ya ƙare, dodo bai ce uffan ba. Ticha ya je gida ya karanta wa mahaifinsa da yarenmu. Tsohon bai taɓa shiga majami'a ba, amma ya saurara har ƙarshe, ya ce yaron bai faɗi abin da bai kamata ba.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, matasan ekklisiya suka ce sun gaji da wasan makiyaya da tumaki, za su yi labarin Ticha a Kirsimeti. Aka naɗa ni mai kula da kaya, saboda ina da keke. Ticha ya aike ni ƙauye wurin mahaifinsa in karɓo kayan zamanin da, wato fatar ɗaurawa, da baka, da kwari, da tsohuwar fartanya. Tsohon da kansa ya fito da fatar da yake ɗaurawa ranar biki, ya kakkaɓe ta, ya ce a kula masa da ita. Ya ce zai zo ya gani.

To, a nan ne ilimin aji huɗu ya yi aikinsa. Na ce a raina, wasan Kirsimeti, mutane sun ci shinkafa sun ƙoshi, a tara su a rana su kalli shiru? Na san inda ake ajiye abin da ke ba dodo murya, tun ranar da aka rantsar da mu na sani. Tsohon ya zaga baya kamo mini kaza, ni kuma na zaga ta ɗaya gefen. Na naɗe abin a cikin fatar, na karɓi kazata, har da godiya. Kada ku tambaye ni yadda abin yake. Na riga na nuna shi sau ɗaya.

Ranar wasa, bayan sujada, filin makaranta ya cika. Iyayenmu mata na ƙungiyar zumunta ta majami'a suna gaba da ɗankwali iri ɗaya. Mahaifiyar Ticha tana cikinsu a matsayin baƙuwa, mahaifinsa kuma yana can gefe a kan kujerar da hedimasta ya ba shi, ya tako tun asuba. Wasa ya tafi daidai. Aka zo ƙarshe, 'yan wasa suka tsaya suna jiran muryar da ba za ta zo ba, fili ya yi tsit, har kukan ɗan akuya ake ji daga unguwar ma'aikata. Yanzu na san cewa wasan ya riga ya ci. A lokacin gani na yi yana mutuwa. Ina bayan zana, sai na busa abin, muryar dodo ta tashi.

Matan da suka shekara ashirin da baftisma suka kifa fuska a ƙasa. Wasu suka ja ɗankwali suka rufe ido, wata ta bar takalminta. Samari kuwa suka fashe da tafi. Da a nan na tsaya, da wataƙila an ce wani ne ya iya kwaikwayo. Amma tafi ne, ni kuma ba a taɓa yi mini ba. Na fito daga bayan zana da abin a hannuna, na ɗaga shi sama, na rusuna.

Mahaifiyar Ticha ta ɗago kai. Matar nan tun tana amarya take dafa wa muryar nan wake. Ta dubi hannuna, ta dubi mijinta. Wannan kallon shi ne littafin ban tsoron da ni na karanta, kuma ba ɓeran da ya cinye mini ƙarshensa.

Tsohon ya tashi, ya shiga tsakiyar fili, ya kwance fatarsa daga ƙugun ɗan wasan, ya karɓi abin daga hannuna ba tare da ya dube ni ba. Ɗansa ya je ya tsaya a gabansa.

"Abin da ka roƙa na ba ka," in ji shi da yarenmu. "Wanda ba ka roƙa ba fa?"

Ticha ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya. Na duba ƙasa, kamar na yar da kwabo.

Dattawan ƙauye suka karɓe ajiyar daga hannun tsohon, suka daina kiransa zama. Lahadin da ta biyo, fasto ya kira sunan Ticha a kan bagade, ya ce ga sojan da ya kunyata ayyukan duhu. Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in ƙara wannan: a ranar har ɗan haushi na ji, ni da aiki, wani da yabo.

Bayan sati biyu na same shi ƙarƙashin mangwaro, ba littafi a hannunsa. Na ce zan je in faɗa cewa ni na sato abin, shi bai ma sani ba.

"Ka je ka faɗa wa wa? Ni in gari ya yi zafi sai in nemi a canza mini makaranta. Kai ubanka yana tsakiyar dattawan nan, gonarsa tana tsakiyarsu. Kuma ni na aike ka, Injiniya. Na san kanka, na aike ka."

Na karɓi wannan magana da sauri, yadda na karɓi kazar. Mahaifin Ticha ya rasu bayan 'yan shekaru bai sake shan ruwa a gidan ɗansa ba. Ranar da aka binne shi, Ticha a layin baƙi ya tsaya. Ya ci gaba da koyarwa, ya ci gaba da karanta littattafansa masu bangon siminti, ya ci gaba da tsokanata har asibiti. Amma bai ƙara rubuta ko layi ɗaya ba.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Jikokina suna kallon finafinan zamanin da a waya, 'yan wasa sanye da fata sabuwa fil, ga shaidar agogo a hannunsu, dodo kuma ya fito tun minti na biyu da jan ido yana ta hayaƙi. Yaran suna kallo suna cin gyaɗa. Na tabbata da Ticha zai ce a nemo ɓera.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, watan jiya jikarsa Rahila ta zo gidana da ɗan siririn littafin nan. Ita da abokan karatunta za su mai da shi fim. Ta ce za su ƙara masa ƙarshe, a nuna kakanta ya ɗaga abin a gaban jama'a, yadda kowa yake ba da labari.

"Kaka, ai kana wurin. Haka aka yi, ko?"

Na ce ta sha shayinta kada ya huce.

To Rahila, ga amsarki a jarida, inda ba zan iya janyewa ba. Ba haka aka yi ba. Kakanki bai karya rantsuwa ba, bai kunyata uwarsa ba, bai saci komai a gidan ubansa ba. Ya bar wa duniya labari ɗaya da ya san inda zai yi shiru, shi ma ya yi shirun shekara talatin saboda wani mai keke. Ki bar dodon nan yadda ya rubuta shi. In kuwa abokanki sun nace sai an ga wani ya ɗaga abu yana rusunawa, ku nemo gajeren mutum mai manyan kunnuwa, ku sa masa suna Ayuba. Ina gida, kunnuwan ma suna nan, kuna iya zuwa ku gwada.