Hular da Taubashina Ya Daina Fizgewa

Tun muna yara taubashina yake tsokanata. Ɗan gwaggona ne, gidansu yana bayan namu a Yako. Da ya hango ni sai ya fizge mini hula, ya ce, "Kai bawana, wa ya ba ka izinin sa hula a gaban ubangidanka?" Ni kuma in ce masa ƙaton banza, wanda tuwon gidanmu ya raina. A haka muka yi furfura.

Sai ciwo ya zo. Ƙafa ta riƙa mutuwa ina kan babur, ido ya yi hazo, ya washe, ya sake. A Kano likita ya ce Em-Es ne, wai jiki ne ke cin rigar jijiyoyinsa. Zancen ƙafa da gajiya an faɗa mini. Na fuska kuwa da kaina na gano. Ga ido ina gani, ga baki, amma ban san ko mutum fushi yake ko wasa ba. Murya ma duk ta zama iri ɗaya.

Ranar sunan jikan maƙwabcinmu muna zaune a kan tabarma, sai taubashina ya iso ya ce, "Ku matsa wa gurgu, kada ya faɗa cikin koko." Na dube shi, na nemi dariyar nan tasa a fuskarsa, ban same ta ba. Na ɗauki sandata na yi gida, ko waina ban taɓa ba. Matata ta ce, "Haba Malam, kowa fa dariya ya yi, har shi."

Tun ranar ya koma gaishe ni kamar baƙo. "Yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Har da rusunawa! Wallahi wannan ladabin ya fi ƙafar damuna.

Na lallaɓa na same shi a gona yana karyar masara. Na ce, "Kai, ni yanzu fuska ba ta gaya mini komai. In wasa za ka yi, fara fizge hular, sai in gane." Ya daɗe yana kallona. Ko tausayi ne, ko haushi, oho. Ya ce, "To. Allah ya ba ka lafiya."

Har yau bai fizge ba. Amma kullum in zan fita majalisa, sama-sama nake ɗora ta, in zauna ta ɓangaren da yake ɓullowa.