Dado Mahaƙin Rijiya, Wanda Muka Yi Shiru Aka Kora

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, sha ɗaya ga Shawwal, shekara ta 1345, Fulani makiyaya suka tsinci gawar Dado mahaƙin rijiya a gindin wata aduwa, tafiyar yini guda kudu da Gangara. Ƙishirwa ce ajalinsa. Gida yake komowa.

Dado, ba ka san mahaifinka ba. Ayarin gishiri ya tsince ka kana jariri, wata Buzuwa ta shayar da kai, Barebari suka koya maka haƙa, ka auri 'yar'uwata Lantana. Rijiyarka ta Tarka zurfinta gaba talatin ne. Kwana arba'in kana cikinta, ka fito fatar tafinka ta saɓule, ka ce duk wanda ya zo da guga ya sha. Shekarar yunwa, da aka rufe rumbuna, kai ka sauki Buzaye bakwai a zaurenka har kaka.

Bara kumandan, Baturen Faransi mai mulkin yankinmu, ya zo rangadi, aka tara mu. Tafinta ya tambaye ka: mutumin Faransi ne kai ko na Ingilishi? Ka ce, "Ranka ya daɗe, inda na haƙa ruwa ya fito, nan ne garinmu." Kumandan ya dubi tsagar fuskarka ya ce ta mutanen kudu ce, na ƙasar Ingilishi. Ya juyo gare mu: wa zai tsaya maka? Ina nan a sahun gaba, surukinka, limamin gari. Na ji tsoron bulala, na sunkuyar da kai. Kowa ya yi yadda na yi.

Gardi, ɗan sandan kumandan, ya raka ka har iyaka. Can ma aka ce kai baƙo ne, ba ka da takarda. Wata bakwai kana tsakani, sannan ka biyo daji cikin bazara, kana kauce wa rijiyoyi don kada a gane ka.

Da muka kawo ka, Hausa, Fulani, Buzaye da Barebari suka yi sahu huɗu. Na ja sallar.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara, Ya saukar da kai gidan da ba a korar kowa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka Musa da Zalika, da Lantana, wadda har yau ba ta amsa gaisuwata ba. Tana da gaskiya. Allah Ya ba ta haƙuri, ni kuma Ya yafe mini. Amin.