Lambar Sirrin Gobe-da-Safe Tana Jikin Matarsa

Telan layinmu ba wanda ya riƙe sunansa na yanka. Gobe-da-safe ake ce masa, don shekara ashirin da uku ke nan duk wanda ya zo karɓar ɗinki amsar da yake samu ke nan. Shagonsa taku huɗu ne: keke ɗaya mai tari, dutsen guga, tsibin ƙyallaye da kyanwa ta mayar katifa, sai tef ɗin awo da ba ya sauka daga wuyansa ko banɗaki zai shiga.

Mutumin nan ba ya tuna ranar haihuwar 'ya'yansa. A aike shi sayen gishiri ya dawo da ashana. Amma awo in ya shiga kansa ya shiga ke nan. Shi ya sa ranar da aka buɗe masa shafi a intanet don ya riƙa sa hotunan ɗinki, aka ce ya zaɓi lambar sirri wadda ba zai manta ba kuma ba mai iya cankarta, bai yi dogon tunani ba. Ya jera kafaɗa, ƙirji, ƙugu da tsayin Maman 'Yan Biyu, matarsa. Wa zai isa ya sa mata tef in ba shi ba?

Shekara shida waya tana buɗe shafin da kanta, bai sake taɓa lambar ba. Sai ran wata Talata da hantsi wayar ta zame daga aljihun gaba ta faɗa bokitin sitaci. Ya sayi sabuwa, ta ce ya sa lamba. A cikin shafin nan kuwa akwai awon ƙawayen amarya goma sha ɗaya da suka turo daga nesa, biki saura kwana tara, yadi na nan jibge bai yanka ba.

Ya laluba kansa, wayam. Sabon awonta da yake ɗinka mata da shi ya goge tsohon. Mai gyaran waya ya ce za a iya turo masa wata lamba ta layin da ya buɗe shafin da shi. Layin ya mutu tun kafin 'yan biyu su shiga makaranta.

Ya shiga gida da tef a hannu, ya tarar tana tsince shinkafa.

"Maman 'Yan Biyu, ɗan miƙe mana."

"Sabon yadi ka sayo mini?"

"Miƙe dai."

Ya auna, ya danna, waya ta ƙi. Ya ce ta ja numfashi ta riƙe ciki. Ta riƙe har idonta ya yi ja, ya danna, ta sake ƙi. Wayar ta kuma gargaɗe shi cewa in ya ci gaba da kuskure za a kulle shafin.

Da ya yi mata bayani, ta ajiye faranti a hankali.

"To Malam, wayarka ce maƙaryaciya. Ni yadda ka ganni shekara shida da suka wuce haka nake."

"Haka ne, tef ɗin ne ya tsuke."

"Au, baƙar magana za ka yi mini a gidana?"

Ya naɗe tef ɗinsa, don wanda yake cikin ruwa ba ya zagin kada. Can ya tuna da koriyar doguwar riga da ya ɗinka mata a makon da aka buɗe shafin. Ina rigar? Ta ba ƙanwarta, wai launin ne bai karɓe ta ba.

Ƙanwar nan kuwa abokiyar wasansa ce, kuma ba ta da tausayi. Ya same ta a ƙofar gida tana shanya, ya roƙi aron rigar na minti biyar.

"Mijin yaya, yau kai ne da roƙo? Ina siket ɗina da na kai maka tun ina da cikin wannan da ke gudu?"

"Ki taimaka, ƙanwata."

"Ka dawo gobe da safe."

Washegari ta zo shagonsa, sai da ya ɗinke siket ɗin nan a gabanta, tana zaune kan bencinsa tana cin gyaɗa tana gyara masa kuskure, sannan ta fito da rigar daga jaka. Ya shimfiɗa ta a tebur ya auna, ya cire inci ɗaya da rabi na sarari da yake bari a kowane ɗinki. Kuma shi Gobe-da-safe bai iya awo a zuci ba. Yana aunawa yana faɗa da ƙarfi kamar mai shela, ga mai shayi, ga mai faci, ga mata biyu masu jiran kaya.

"Ƙugu talatin."

"Yanzu fa?" in ji ƙanwar.

"Arba'in da ɗaya," ya faɗa kafin hankalinsa ya iso bakinsa.

Shafi ya buɗe, awon ƙawayen amarya na nan lafiya. Amma kafin ya gama hamdala, lambar sirrinsa da sirrin matarsa duka sun zagaye layi. Mai faci har da rera su yake yana buga taya.

Mai gyaran waya ya ce lambar da mai shayi ya haddace ta tashi daga sirri, a canza ta nan take, a yi doguwa mai haruffa da alamomi wadda ba ta da dangantaka da jikin kowa, a kuma sa layin da ke raye. Maman 'Yan Biyu ce ta tsaya a kansa har aka yi. Ta rubuta a ƙyalle ta sa ya ɗinke shi cikin shafin hularsa, ta ce in ya kuskura ya karanta da ƙarfi ita da shi ne.

Ƙawayen amarya sun sami kayansu ana saura kwana ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin shagon. Ita kuma ta ci tararsa da sabuwar koriyar riga. Ya yanka a arba'in da ɗaya, ya rubuta talatin da alli a jikin yadin yadda za ta gani.