Zuciyar Sa a Aji Bakwai

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama na fara koyarwa a wata firamare a Kankiya. Aji bakwai aka ba ni. Da muka iso darasin zuciya sai na rasa ta inda zan kama. Littafin ya ce akwai marufai huɗu a cikinta masu hana jini komawa baya, amma zanen ya dushe, ni kuma hadda kawai na yi a kwaleji.

Ran Asabar na tafi gida Kusada. Mahaifina mahauci ne. Na tarar da shi yana wasa wuƙa, na zauna ina fassara masa shafin, har inda aka ce likitocin dā sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zaton jini na ratsa bangon tsakiyar zuciya ta wasu ƙananan huji da ido ba ya gani.

"Babu huji ko ɗaya," in ji shi. "Tun kafin in auri uwarka nake tsaga zuciya. Marufan kuwa na san su. Ka saurare ni a makarantarku ran Litinin."

Ban so hakan ba, don ban taɓa gaya wa sauran malamai sana'arsa ba.

Ran Litinin da hantsi sai ga shi a ajina da tire a ka, an rufe da ganye, da buta a hannu. Zuciyar bijimin sa ce, yankan safiyar. Ya kama babbar jijiyar da ke samanta, ya tsiyaya ruwa a ciki. Wasu 'yan fatu uku kamar aljihu suka cika, suka haɗe baki, ruwan ya tsaya cak.

"Ku leƙo," ya ce wa ɗalibai. "Hanyar fita ce, ba ta komawa."

Sannan ya tsaga ta, ya ɗago fararen zarurrukan da ke riƙe da marufan ciki a kan yatsansa.

Hedimasta, wanda ya shigo jin hayaniya, ya gyara tabarau ya ce, "Malam, ina ka samo wannan dattijon?"

"Mahaifina ne, ranka ya daɗe," na ce, da ƙarfi yadda na baya za su ji.

Aka kirawo 'yan aji shida, ya sake yi musu. Sai azahar ya tashi. Na raka shi har tasha, ɗalibai na biye da mu suna ta yi masa tambayoyi.