Layi Huɗun da Ya Goge

Shagona yana bakin titin da ya fita daga Gumel ya nufi Maigatari, tsakanin mai faci da mai sayar da katin waya. Ina buga takardu, ina ɗaukar hoton fasfo, amma a shekarun da nake magana an fi sanina da aika saƙo. In an yi haihuwa a Gagarawa ko rasuwa a Sule Tankarkar, sai a taso mutum a kan babur ya kawo mini lambobin dangi. In rubuta sanarwa sau ɗaya, kwamfuta ta watsa wa kowa ta wata 'yar na'ura mai layin waya a cikinta.

Ban gama sakandare ba. Na faɗa da bakina tun yanzu don kada wani ya zo yana tuna mini. Shirin kwamfutar da ke aika saƙon nan ni da wani malamin lissafi muka rubuta shi, kuma shi ya koya mini Python, yaren da ake ba kwamfuta umarni da shi. Yana koyarwa a Gagarawa, gidansu yana Maigatari, don haka duk ranar kasuwar garinsu sai ya biyo ta ƙofata. Ya kafe babur, ya aika a sayo fura, mu zauna kujera ɗaya da rabi muna leƙen allo ɗaya. A duk faɗin Gumel babu wani da zan yi wannan magana da shi. Mai faci gani yake duba nake yi. Matata kuwa abin da take cewa kawai shi ne, kai da akwatinka.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta tana riƙe magana iri biyu. Akwai rubutu, haruffan da mutum ke karantawa. Akwai kuma ɗanyen abu, lambobi zalla, wanda shi ake ɗura wa na'ura. Kamar gero ne da tuwo, ɗaya daga ɗaya yake fitowa, amma ba ka zuba wa baƙo gero a kwano. A tsohon Python, na biyu, wanda ke kan kwamfutata, sunan ɗanyen str, sunan rubutun unicode. Da masu abin suka fito da na uku, sai suka cire sunan str daga kan ɗanye suka liƙa wa rubutu, ɗanyen kuma suka ce daga yau bytes. Suna ɗaya, jiya na wannan, yau na wancan. Ko a gidan da babu babba ba a yin haka.

Malam ya sayi sabuwar kwamfuta mai na uku. Ni ina nan da tsohuwata ta hannu, wadda sai an ɗan daki gefenta take tashi. Ya gyara wani abu a shirin a can wurinsa, ya kawo mini, na aika sanarwar suna da shi. Washegarin sunan da hantsi sai ga kakan jaririn, wani dattijo daga Gagarawa, ya miƙo mini wayarsa. Rabin saƙon Hausa ne, rabin wasu zane-zane ne kamar ƙwari da alamun tambaya.

"Ɗana, wane yare ka aika wa surukaina?" in ji shi. "Sun ce 'yan damfara ne, sun goge. Ragon ma da ƙyar aka sami masu ci."

Na ba shi haƙuri har na gaji. Da Malam ya zo na tare shi tun bai kashe babur ba.

"Malam, str ɗinka da nawa ba uwarsu ɗaya ba."

Ya duba, ya yi dariya har da buga cinya. "Mai shago, ka saki tsohuwar nan mana. Sadaki ka biya a kanta?"

"Me ta yi mini? Na'urar saƙona da ita ta saba. Kai ka koma na biyu."

"Allah ya kiyaye."

Muka sha fura. Can sai ya ce, to mu daina kiransu da sunan da Turawa suka ba su, mu raɗa musu namu. Ya jawo allon ya rubuta layi huɗu a saman shirin. Ma'anarsu ita ce: in tsohon yare ne, rubutu shi ne unicode, ɗanye shi ne str. In sabo ne, rubutu shi ne str, ɗanye shi ne bytes. Daga nan zuwa ƙasa babu mai sake ambaton waɗancan sunaye, sai rubutu da ɗanye. Sunan ɗanye ni na kawo shi. Shi wani dogon Turanci ya so sawa, na ce a'a.

Daga ranar muka kafa ƙa'ida. Babu gyaran da ya kammala sai an gwada shi a kwamfutoci biyu, tasa da tawa. Shi ba shi da tsoho, ni ba ni da sabo. Kun ga ke nan dole ya neme ni.

Da ya sami aiki a wani kamfani a Kano ya bar koyarwa, ƙa'idar ba ta mutu ba. Wayata ta yi ƙara ina cikin buga takardar wani, in ji muryarsa.

"Mai shago, tsohuwarka tana raye?"

"Ta fi ka lafiya."

"Na turo maka abu. Gwada mini."

In gwada, in kira shi in ce ya fashe a layi kaza, ka haɗa rubutu da ɗanye. Ya ce subhanallahi, ya gyara, ya sake turowa. A tsakanin haka muke maganar damina, da farashin riɗi, da ciwon ƙafar mahaifiyarsa. Ba mu taɓa kiran juna don gaisuwa kawai ba. Ba mu iya ba. Sai shirin ya fashe muke hira.

Shirin ya girma a hannunsa. Ya sa shi a intanet, wasu abokan aikinsa suka shigo ciki suna ƙari. Kiran ya fara nisa. Ban damu sosai ba, tunda duk sabon da ya turo ina buɗewa in ga layukanmu a sama, yadda muka bar su.

Wata rana bayan azahar na sauke sabon da ya turo, na kunna, ya ƙi tashi sam. Na buɗe. Babu layukan. Duk inda muka rubuta rubutu an mayar str, duk inda muka rubuta ɗanye an mayar bytes. A wurin da ake bayanin gyara ya rubuta da Turanci cewa an cire tsohon yare, babu mai amfani da shi yanzu. Turancina bai da yawa, amma wannan na gane shi tas.

Na kira shi.

"Malam, ashe babu mai amfani da shi?"

"Kai, mai shago, ba haka nake nufi ba. Masu yaren da kansu sun daina kula da na biyu. Mutanen da nake aiki da su kuma kullum sai sun tambaye ni mene ne ɗanye. Ɗaya ma Bayarabe ne."

"Ka gaya masa. Kalma ɗaya ce."

"Ka bari in zo da sallah in saka maka sabo. Ba wani aiki ba ne."

"To in ka saka mini sabo, wa zai riƙa gwada maka tsoho?"

"Ai ba sai an gwada ba kuma. Ka huta."

Haka ya ce, ka huta, da zuciya ɗaya, kamar wanda ya sauke mini kaya.

Ya cika alkawari, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Da babbar sallah ya tsaya a mota, iyalinsa suna ciki za su Maigatari. Ya kawo mini wata kwamfuta da ofishinsu ya daina amfani da ita, da na uku a kanta. Ya jona na'urar saƙo, muka aika gwaji zuwa wayata, ya shigo lafiya lau, har da ƙ da ɗ. Na ce a sayo fura. Ya ce yara suna cikin zafi, sai wani zuwan. Mai faci ya taya shi fita da mota daga cikin yashi.

Tun daga ranar shirin bai taɓa fashewa ba. Ko sau ɗaya. Na jira ya fashe, ya ƙi. Masu kawo sanarwa ma sun ragu, yanzu kowane gida akwai mai babbar waya, sai tsofaffin Sule Tankarkar da ba su yarda da ita ba. Na taɓa ɗaukar waya in kira shi haka kawai, na riƙe ta ina tunanin abin da zan ce bayan ina gajiya, na mayar aljihu.

Har yanzu in zan rubuta wani ɗan shiri na kaina, ko na jera hotunan fasfo ne, da layukan nan huɗu nake farawa. Biyun farko sabuwar kwamfutar ba ta bi ta kansu, tsallakewa take yi. Tsohuwar tana ƙarƙashin tebur na rufe ta da buhu. Ranar kasuwar Maigatari, in motoci sun gama wucewa shago ya yi shiru, nakan jawo ta, in daki gefenta, in gwada abin da na rubuta. Yana tashi a duka biyun. In kashe, in mayar da buhun.