Shaidar Wahala a Asibitinmu

Har yau ban manta da ranar da aka roƙe ni in kushe asibitinmu ba. Ni ne majo a lokacin, wato babban ma'aikacin jinya, a wani ƙaramin asibiti a Malanville, kan hanyar Garou.

Likitanmu, Sumaila, ya je Amurka ƙaro ilimi da bizar musayar ɗalibai, ya auri wata Ba'amurkiya, Linda. Dokar bizar ta ce sai ya dawo gida ya yi shekara biyu kafin a ba shi izinin zama can. Haka ya dawo ya bar ta can. Mafita ɗaya ce: ya nuna matarsa za ta sha wahala mai tsanani, ko ta zauna can ba shi, ko ta biyo shi nan. Ga ta da ciki, ga ciwon asma.

Lauyarsu ta kira ta wayar bidiyo don ta ji shaidu, ni ke fassara. Aka fara da mahaifiyarsa.

"Inna, yaya zafi a Malanville?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi."

"Sauro fa?"

"Da sauƙi. Matar ɗana ta zo kawai, ga kifi, ga shinkafa, ni zan yi mata wankan jego."

Sumaila ya dafe kai. "Inna, wahala ake so ki faɗa!"

"Gaban baƙuwa? Haba ɗan nan, ka haukace?"

Aka kawo kawunsa, manomin albasa da ruwa ya ci gonarsa bara. Shi ma ya ce sai godiya. Kai, na yi dariya har da hawaye.

Da aka zo kaina dariyar ta ɗauke. Bakina ya buɗe zai ce lafiya lau, sai Sumaila ya ce, "Baba Majo, don Allah." Na faɗi cewa ba mu da iskar numfashi, wuta tana ɗaukewa ana tsakar karɓar haihuwa, kuma idan asma ta shaƙe mai ciki, babban asibiti yana da nisa. Gaskiya ce duka, amma wallahi na ji kunya.

An daɗe ana jira, daga baya aka yafe masa sharaɗin, ya koma wurin iyalinsa.

Ku yara masu jinya, in mutumin nan garin ya ce muku lafiya lau, ku ja kujera ku sake tambaya. Ni da na daure na faɗi gaskiya, an yarda da ni sarai, har na raba mu da likita ɗaya tilo da muke da shi.